Motar Yanka

A layin masu gyaran mota ba wanda bai san Kunne ba. Sunan ya samo asali ne daga yadda yake aiki. Ba ya buɗe boneti sai ya jingina kunnensa a jikin mota, ya lumshe ido, sannan ya ce wa mai ita fulogi na uku ne ya mutu, in an buɗe kuma sai a tarar na ukun ne. Motocin haya da na 'yan kasuwa yakan gyara su don tukunya ta hau wuta, amma abin da ya ci masa rai tsofaffin motocin alfarma ne, masu sitiyarin katako da kujerun fata, da gajerun motocin tsere masu kwanciya a ƙasa. In ka kuskura ka tambaye shi bambancin kukan inji mai silinda takwas da mai goma sha biyu, to ranar ka rasa abincin rana.

Wanda ya koya masa sana'ar shi ne mai garejin, dattijon da kowa ke kira Baba. Abu biyu Baba ya dasa masa a ƙwaƙwalwa tun yana riƙa masa sifana. Na farko, tsohuwar mota ba ta tashi ita kaɗai. Kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da daina yin kayanta, don haka sai ka nemo wata irinta, ka ajiye a bayan gareji, kana cire mata fitila yau, kafireto gobe, har ta zama ƙwarangwal. Ita ake kira motar yanka, kuma ba wanda ke tausayinta. Na biyu al'adar garejin ce: duk motar da aka tayar daga mutuwa, wanda ya gyara ba ya murza mukullin farko. Yakan miƙa wa wanda ya koya masa da hannu biyu, shi ya fara tayar da ita. Shekara ashirin da uku Kunne yana miƙa wa Baba mukulli, bai taɓa jin nauyin hakan ba, don a wurinsa Baba uba ne.

Sai dai tsufa ya fara cin Baba. Idonsa ya yi hazo, ƙirjinsa na kuka in ya hau matakala uku, yakan ɗauki filaya ya tsaya yana neman sunanta, likita kuma ya ce zuciyarsa ta gaji.

Kunne kuwa nasa ciwon daban ne. Motoci sun wuce ta hannunsa babu adadi, amma ko keken kansa ba shi da shi. A kusurwar garejin akwai wata jar motar tsere mai ƙofofi masu buɗewa sama, wadda mai ita ya yar shekaru da yawa don an rasa irinta da za a yanka. Kullum sai Kunne ya share mata ƙura. 'Yarsa tilo, wadda yake tsokana da suna Direba, in ta taso daga makaranta nan take shigewa ta riƙe sitiyari tana kukan inji da baki.

"Baba, yaushe za ta tashi?" takan tambayi mahaifinta.

"Ranar da ƙafarki ta kai totur."

"Ai ta kusa."

"To ni ma na kusa."

Abin da ya ƙarasa tunzura shi ƙarami ne. Wani attajiri ya zo ɗaukar motarsa da Kunne ya shafe wata bakwai a ƙarƙashinta. Da za su fita gwaji, sai attajirin ya shimfiɗa jarida a kan kujera kafin ya bar shi ya zauna, kujerar da shi Kunne ya ɗinka fatarta da hannunsa. Ya zauna a kan jaridar. Da ya dawo ya ƙi cin abinci.

Baba ya same shi zaune a kan tsohuwar taya. Ya daɗe yana tari kafin ya yi magana.

"Na ga abin da aka yi maka, ɗana. Hannunka ya fi nawa, amma haka za ka mutu kana goge wa wasu madubi."

"To ya zan yi, Baba?"

"Akwai wani mutum da na sani. Ba na kai kowa. Kai kam ɗana ne, ba zan ga hanya in ɓoye maka ba."

Da rana tsaka suka je. Wurin tsohon gidan famfon ruwa ne a bayan wata ma'aikata da aka rufe, ciyawa ta cinye hanyarsa. Baba ya sa Kunne ya zo da gwangwanin baƙin mai da ya tsiyayo daga jar motar. A waje rana na ƙona ƙeya, amma suna tsallake bakin ƙofa sanyi ya ratsa shi har haƙori. Bangon ɗakin an lulluɓe shi da jan ƙyalle wanda ya yi baƙi daga ƙasa. An jera tukwane bakwai a kife, kowace da dutse a kanta, kuma ɗaya daga cikinsu tana motsi kaɗan-kaɗan. Daga rufi igiyoyi ne ke reto, an ɗaure musu ɗan kunne, da takalmin jariri ƙafa ɗaya, da tabarau, da mataji mai sauran gashi. Wurin yana warin tsatsa da wani abu mai zaƙi-zaƙi da Kunne bai so ya gane ko mene ne ba.

Mutumin boka ne, amma ba shi da kamar boka. Siriri ne mai tsafta, yana zaune a kan buzu yana yanke farce. Bai ɗago ba ya ce, "Me kake so?"

"Mota," in ji Kunne, sai kuma ya ji kunya. "Ina nufin arziki."

"Na farkon ne gaskiya. Yaya kuke tayar da matacciyar mota?"

Kunne, da yake an taɓo masa inda yake so, ya saki baki ya bayyana masa motar yanka tiryan-tiryan. Bokan ya saurara yana murmushi.

"Ita wadda ake yankawar, tana sani?"

"Ƙarfe ne ai."

"Haka ne." Ya ajiye reza. "Daga yau ba ka bukatar nemo motar yanka. Duk gawar motar da ka sa wa hannu za ta tashi, ko da rabin cikinta babu. Sharaɗi ɗaya ne. Kafin a tayar da ita, a sa wani abu na wanda ke kwana a gidanka a cikinta. Ƙaramin abu, wanda mai shi ba zai yi kewarsa ba."

Kunne ya ɗaga kai ya dubi igiyoyin da ke reto.

"Ba jini?"

"Ka ga wuƙa a nan?"

"Mai abin fa, me zai same shi?"

"Ni ba na taɓa kowa. Hannuna bai kai gidanka ba."

"To nawa zan biya?"

Bokan ya dubi Baba a karo na farko. "An riga an gama da wannan."

Baba ya dafa kafaɗar Kunne. "Na ɗauke maka, ɗana. Kada ka damu kanka."

Wannan dafawar ce ta kashe masa sauran tambayoyinsa. Bokan ya juye baƙin man a wata ƙwarya, ya tofa wasu kalmomi da ba su yi kama da harshen mutane ba, ya sa Kunne ya tsoma hannuwansa biyu har wuyan hannu. Man da ya kwana shekaru a mataccen inji sai ga shi da ɗumi kamar jikin mai rai, yana bugawa a tafinsa. Tukunyar nan mai motsi ta yi tsit. Da ya zaro hannuwansa ba ɗigon mai ko ɗaya a jikinsu, kuma ƙwaryar ta bushe ƙaƙas.

Mota ta farko doguwar baƙa ce ta zamanin da, wadda ya samo a wurin masu gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, wayoyinta duk ɓeraye sun cinye. Ya ɗauki tsohon tandun kwallin mahaifiyarsa, Inna, ya cusa a bayan fitila. Da ya gama ya miƙa wa Baba mukulli da hannu biyu kamar kullum. Murzawa ɗaya injin ya ɗauka, fitilun da ba su da waya suka haska bangon gareji fes. Kafin mako ya zagayo masu tara tsofaffin motoci sun yi ca a kanta, Kunne ya sayar da ita a farashin da ya sa ya zauna a ƙasa.

A makon ne Inna ta tashi da safe tana tambaya wa ya rufe mata taga. Likita ya haska idon ya ce bai ga komai ba, lafiyarsa ƙalau, gani ne kawai babu. Aka ce tsufa ne. Kunne ma ya ce tsufa ne, ya faɗa wa kansa sau da yawa har ya kusa yarda. A makon ne kuma ya ga Baba ya sunkuya yana karanta lambar inji ba tabarau, ya yi masa murna har da tafi.

Arziki ya shigo kamar an fasa madatsa. Kunne ya sayi fili, ya gina gida mai ɗakin ajiye mota shida, ya sayi jar motar daga hannun magadan mai ita. Attajirin nan mai jarida ya dawo yana kiransa ranka ya daɗe. Kunne bai raba gareji da Baba ba, ya ce ba zai zama butulu ba.

Ƙanin Kunne mai fenti a gidansa yake zaune, saurayi mai ƙirjin da yakan hura balan-balan ɗin Direba da numfashi biyu. Mota ta biyu farar mota ce marar rufi, kafiretonta ya ruɓe. Kunne ya yi jinkiri kwana uku, sannan ya ɗauki hankicin da ƙanin ke ɗaure hanci da shi in yana fesa fenti, ya naɗe a ƙarƙashin kujera. Ya ce a ransa tsumma ne kawai. Baba ya murza mukulli, injin ya ja iska ya yi gurnani. Kafin la'asar aka kira Kunne, ƙaninsa ya faɗi a gaban motar da yake shafa wa fenti, bakinsa a buɗe yana neman iskar da ta ƙi shiga. Bai kai asibiti ba.

Baba ne ya riƙe masa hannu a maƙabarta. Baba ne ya ɗauki kan makara, ya yi tafiya mai nisa da ita ba tare da ya yi tari ko sau ɗaya ba, mutane suna cewa ikon Allah, dattijo ya samu sauƙi.

A nan ya kamata mai hankali ya tsaya. Kunne ya tsaya wata huɗu. Sai aka kawo labarin wata mota mai launin toka, irin wadda ba su fi a ƙirga da yatsu ba a duniya, tana ruɓewa a bayan wani gida. Ya je ya gan ta, ya shafa madigadinta, ya kasa barin wurin. Ya kai wa Baba kukansa.

"Baba, ina tsoro. Inna, ga kuma wancan yaron."

"Ajali ne, ɗana. Fenti ya kashe masu fenti da yawa kafin shi. In ka bar wannan motar wani zai ɗauka ya lalata ta."

Ƙaramin littafin da matarsa ke rubuta cefane a ciki ya ɗauka. Baba ya murza mukulli, agogunan gaban motar duka suka farka. Da Kunne ya koma gida ya tarar da matarsa tsaye a tsakiyar kicin da ludayi a hannu, tana kallonsa.

"Malam, wa kake nema?"

Ya ɗauka wasa ne. Bayan kwana biyu ba ta san sunan 'yarta ba. Bayan mako ta fara fita titi ba takalmi tana tambayar masu wucewa ina ne gidansu, sai da aka riƙa kulle ta a ɗaki. Direba ce ke ba ta abinci a baki, tana kuma jan Inna zuwa banɗaki, yarinya 'yar shekara goma sha biyu. Ta daina kukan inji da baki.

Yanzu kam Kunne ya daina yi wa kansa ƙarya. Ya rantse ko allurar Direba ba za ta shiga mota ba. Jar motar ya gyara ta da guminsa, ya ƙera abin da babu da hannunsa, ya bincike ta lungu-lungu ya tabbatar ba komai na gidansa a ciki. Yana so ya cika wa yarinyar alkawari, ko ta sake dariya. Ranar da ya ɗaure ƙusa ta ƙarshe ya yanke shawarar komawa wurin boka a warware abin da aka ƙulla. Ya kawo Direba gareji don kada ta wuni ita kaɗai da marasa lafiya, ya ɗauki mukulli ya miƙa wa Baba da hannu biyu.

"Baba, ga shi, amma ka jira ni. Da yamma za mu tayar da ita gaban Direba. Ga ta nan amana."

"Je ka abinka. Jikata ce ai."

Bokan yana nan inda ya bar shi. A cikin igiyoyin da ke reto Kunne ya hango tandun kwalli, da hankici mai ɗigon farin fenti, da ɗan littafin cefane.

"Ka cuce ni," in ji Kunne. "Ka ce ba ka taɓa kowa. Ka karɓi motocin, ka karɓi gidan, ka mayar min da mutanena."

"Ban karɓi komai naka ba, me zan mayar? Me zan yi da idon tsohuwa?"

"To ina ya tafi?"

"Kai ne bakanike. In ka cire fitila daga wata mota, jefar da ita kake yi?"

Kunne ya sake duban igiyoyin.

"Abin da aka cire yana shiga jikin wanda ya murza mukullin farko. Da kai ke murzawa, da kai ka samu. Wa ke murzawa?"

Sai komai ya dawo wa Kunne. Ya ga Baba sunkuye yana karanta lambar inji. Ya ga Baba ɗauke da makara ba tari. Ya tuna jiya-jiya Baba yana lissafo sunayen motocin da suka gyara shekara ashirin baya, ɗaya bayan ɗaya, ba gargada.

"Shi ya kawo ni," ya ce a hankali. "Ya ce ni ɗansa ne."

"Shi ne mai ciniki da ni, tun kafin ka san hanyar nan. Nasa gidan ya ƙare tuntuni, ba ka taɓa tambayar ina iyalinsa ba? Ya ce min yana da wani a bayan gareji, irinsa sak, ya daɗe yana ajiye da shi." Bokan ya ɗauki rezarsa. "Na tambaye ka ko wadda ake yankawa tana sani. Kai ka ba ni amsa."

"Babu kayan 'yata a motar. Na duba."

"Na ce a sa. Ban ce kai za ka sa ba. Zuciyarsa ce ta rage, ko?"

Kunne bai san yadda ya fito ba. Ya yi gudu, ya tari mota, ya sauka ya sake gudu. Tun daga bakin layi ya ga ƙofar gareji a wangale, kusurwar da jar motar ta yi shekaru babu komai sai sawun taya da ƙamshin hayaƙi mai ɗumi.

Direba tana kwance a kan bencin da masu jiran gyara ke zama, hannunta ɗaya ya sauko ƙasa. Gashinta na gefen hagu a ɗaure da jan ƙyalle, na dama a warware. Mai walda na maƙwabta yana tsaye a kanta yana yi mata fifita da kwali.

"Yanzu-yanzu fa take dariya," in ji mai walda. "Baba ya ce ta ba shi abin ɗaurin gashinta ya ƙawata madubin motar, ta cire ta ɗaura da hannunta. Ya ce ta sauka ta tsaya daga nan ta ji kukan injin da kyau. Yana tayarwa ta zauna. Na ɗauka rana ce ta buge ta."

Kunne ya durƙusa. Ya yi abin da ya iya, abin da aka san shi da shi. Ya jingina kunnensa a ƙirjinta ya lumshe ido, ya daɗe yana saurare. Mutumin da ke jin fulogi ɗaya ya mutu a cikin goma sha biyu bai ji komai ba.

Abin da ya fi ƙona shi ba bokan ba ne, boka bai taɓa ce masa ɗana ba. Shekara ashirin da uku yana cin abinci kwano ɗaya da mutumin nan, yana tsammanin ana renonsa ne, ashe ajiye shi aka yi. Kuma da hannunsa biyu ya riƙa miƙa mukullin, har da rusunawa.

Inna ba ta kai ƙarshen shekarar ba. Dangin matar suka zo suka tafi da ita. Motocin da ke ɗakin ajiya suka mutu rana ɗaya, tsatsa ta cinye su cikin wata guda, gidan ma ya fita daga hannunsa. Yau in ka bi ta wurin masu gwangwan za ka ga wani mutum da yagaggiyar rigar aiki yana bin gawarwakin motoci ɗaya bayan ɗaya, yana jingina kunne a jikinsu. In ka matsa kusa zai ɗaga maka hannu ka yi shiru, wai ta kusa tashi.

Baba kuwa an ce an gan shi a wani gari cikin jar mota, garau da shi, ya buɗe sabon gareji, har ya samu wani magidanci mai hannu da son tsofaffin motoci yana kiransa ɗana. Nasa hisabin yana gaba, kuma kayan aro ne a jikinsa, masu su za su tambaya. Amma kada wannan ya sa ka wanke Kunne. An ci amanarsa, gaskiya ne, sai dai ba a ɗaure shi aka kai shi ba. Ya ga abin da ke reto a igiya tun ranar farko, ya ga idon uwarsa, ya binne ƙaninsa, ya sake komawa saboda wata mota mai launin toka. Duk wanda ya ce zai ba ka dukiya ba gumi, ya kuma ce ya ɗauke maka biya, to ka waiwaya ka dubi mutanen da ke kwana a gidanka, don da su za a biya. Ka ji tsoron Allah, ka riƙe abin da guminka ya ba ka ko da keke ne, ka koma gida ka tarar da 'yarka tana numfashi.